Layin gidan kifi: jiran wuta ko jiran kujera?

Tambaya: Akwai wani gidan cin kifi a nan Abuja da kowa ke zancensa. Sau biyu muna zuwa da iyali ranar Asabar da daddare, ana ce mana sai mun jira wajen awa biyu, muna juyawa. Yanzu yayana zai zo daga Katsina, ina so in kai shi. Wurin ya cancanci irin wannan jira?

Amsa: Malam, jira iri biyu ne a gidan kifi. Akwai jiran wuta, akwai jiran kujera, kuma na farkon kaɗai nake ba mutum shawarar ya yi haƙuri da shi.

Kifi guda mai nauyin kilo ɗaya yakan ɗauki wajen rabin awa a kan garwashi kafin ya gasu har ƙashi, ban da lokacin kankare shi, da feɗe shi, da tsattsaga jikinsa don yaji ya ratsa. Idan ka taɓa zuwa kasuwar mami ta barikin Mogadishu, wanda aka fi sani da barikin Abacha, ka san tsarin: ka nuna kifinka, a yi ciniki, a ɗora shi kana gani. Minti 45 na irin wannan zama ba asara ba ne. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne a kawo maka babban kifi cikin minti goma a daren da wuri ya cika maƙil. Galibi an gasa shi rabi tun da la'asar, aka jera a gefe, da ka zo aka ɗumama. Ƙa'idar masana tsaftar abinci ita ce kada dafaffen kifi ya wuce awa 2 a waje, idan kuma zafi ya haura digiri 32, kamar yadda ake yi a Abuja a watan Maris, awa 1 kacal.

Sai ka tuna Abuja ba ta da teku. Duk kifin teku da jatan lande da ƙaguwa da za a sa maka a faranti sun yi tafiyar sama da kilomita 700 daga Legas, ko makamanciyarta daga Fatakwal, wasu ma daga ƙasashen waje irin su Norway aka shigo da su a daskare. Daskarewar ba laifi ba ce. Laifin yana wajen narkewa da sake daskarewa duk lokacin da aka ɗauke wuta. Kifin titus da tuna, idan suka daɗe a ɗumi, sukan tara wani sinadari da ake kira histamin, wanda gashi ba ya kashe shi, yaji kuma yana iya ɓoye ɗanɗanonsa. Cikin awa guda da ci sai fuska ta yi ja, jiki ya yi ƙaiƙayi, kai ya sara. Na taɓa ganin haka ya sami wani yaro bayan cin abinci a wani wuri mai suna, iyayensa suka zaci jinin yaron ne bai karɓi kifi ba. A nan dogon layi yana da amfaninsa, domin inda ake ciniki sosai kaya ba sa kwana. To amma layi shaida ce kawai ta cewa ana saye. Ba ya gaya maka halin da firij ɗinsu ke ciki.

Saboda haka ka nemi a nuna maka kifin ɗanye. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Idon kifin ya zama garau, ba mai hazo ko wanda ya lotsa ba. Ɗaga murfin kunnensa, cikin ya zama ja. Danna jikinsa da yatsa, idan gurbin ya tsaya, bar shi. Wari mai hawa kai, musamman a jatan lande, ba ya buƙatar shawara. Wurin da ya ƙi nuna maka kayansa bai cancanci jiran minti biyar ba. Ni dai a garin da ba teku na fi natsuwa da tarwaɗa mai rai da za a kamo daga baho a gabana, ko ƙarfasa ta kusa.

Jiran kujera na awa biyu kuwa, da yara masu jin yunwa ko baƙon da ya sha hanya, ban ga dalilinsa ba, balle idan akwai mai ciwon suga a cikinku. Masu gashin ma a irin wannan dare sukan cika wuta don su rage layi, baya ya ƙone, ciki bai nuna ba. Kifin ranar Talata shi ne na ranar Asabar, hannun mai gashin ne ya fi natsuwa.

Ka kai Yaya a tsakiyar mako, da an idar da Magariba. Ka buga musu waya tun da rana ka tambayi kifin da ya shigo yau, da ko za su riƙe maka teburi. Idan an kawo, tsaga shi ta wajen ƙashin baya kafin kowa ya sa hannu. Naman ya zama fari, yana saɓulewa daga ƙashi. Idan ka ga jini ko sheƙi irin na ɗanye, mayar musu a ƙara masa wuta.