Kafin Ka Sayi Kambas Ɗin Gudu

Ɗana, na ji an sa ka cikin masu gudun ratsa daji na makarantarku. Madalla, Allah ya ba da sa'a. Mahaifiyarka ta ce har ka fara tara kuɗin takalmi, shi ya sa na ce bari mu yi magana kafin ka shiga kasuwar Sabon Gari.

Fara tuna inda za ka taka. Hanyoyin bayan Samaru, ta wajen Bomo ko gefen dam ɗin Kubanni, babu kwalta. Da rani ƙasa ta yi tauri, ga tsakuwa, ga tsidau da kashin yawo. Da damina kuwa, musamman cikin Agusta, laka ce mai santsi. To, in ka ɗauki kambas, juya shi ka duba ƙasansa tukuna. Nemi mai haƙora. Wanda ya suɗe, ko samansa na walƙiya, ajiye shi. Targaɗe guda zai zaunar da kai makonni, abokanka na can suna gudu.

Babu kunya a sayen gwanjo, sau da yawa ma ya fi sabon ƙarko. Sai dai ka natsu. Lanƙwasa shi, ka ga ta wajen yatsu yake lanƙwashewa. Duba diddigen, ko mai shi na farko ya cinye gefe guda. Soson ƙasan takalmin gudu yakan mutu bayan kilomita 500 zuwa 800, kuma in ya mutu gwiwa da ƙwauri ne za su biya bashin.

Ka je da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka riƙa gudu da ita. Sa duka biyun, ɗaure igiya, taka ka zagaya. A gaban yatsunka a samu fili kamar faɗin babban yatsan hannu. Mai kaya zai ce maka, “Ai zai buɗe.” Kada ka ji haushinsa, abincinsa yake nema. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Takalmin da ya matse ka a kasuwa, a daji bororo zai fitar maka, farce ya yi baƙi ya fita.

Na san za a ba ka labarin Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci zinare a Rum a 1960 ba takalmi. Gaskiya ne. Amma ƙafarsa ta daɗe da sabawa, kuma da ya sake ci a Tokyo a 1964, da takalminsa ya yi gudun.

In ka saya, kada ka ɓoye shi sai ranar tsere. Yi mako biyu kana atisaye da shi, ku saba. Duk ranar da ya sha laka, wanke shi ka shanya a inuwa, don zafin rana na ɓamɓare gam. In kuɗin bai kai ba, ka zo ka same ni bayan Juma'a, mu tafi tare.