Motar da Za Ta Daɗe a Ajiye: Yadda Za Ka Kare Tayoyinta

Mutane da yawa suna ɗauka tafiya ce kaɗai ke cinye taya, alhali zama wuri ɗaya ma yana kashe ta. A Amurka da Kanada, inda iyalai ke da manyan motocin yawon shaƙatawa masu gado da kicin a ciki, wannan matsala sananniya ce. Ana fita da motar 'yan makonni lokacin zafi, sannan a ajiye ta har sanyi ya wuce, kuma sau da yawa tayoyin kan mutu zanensu bai ko siɗe ba. Darasin da suka koya ya shafi duk wanda zai bar motarsa ya tafi karatu ko aiki na watanni, da manomin da ke ajiye tarakta bayan kaka.

Abubuwa uku ne ke yi wa tayar da ke tsaye illa. Na farko, iska tana sulalewa ta jikin roba ko da babu huji, kimanin psi 1 zuwa 2 a wata. Na biyu, nauyin mota yana danne gefe guda, wurin ya baje, shi ya sa mota ke rawa idan an tashe ta. Na uku, kuma mafi haɗari, hasken rana da iskar ozon suna busar da roba har gefen taya ya tsattsage. Kamfanoni suna cakuɗa wani sinadarin kariya a cikin robar, wanda ke fitowa saman taya idan tana juyawa tana lanƙwasa. Idan ta tsaya, kariyar ta ragu. A Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin bazara ke haura digiri 40, lalacewar ta fi sauri.

Kafin ka ajiye motar, wanke tayoyin da ruwa da sabulu, ka bar su su bushe. Kada ka shafa musu baƙin mai ko man sheƙi mai fetur a ciki, domin yana cin roba. Sauke duk kayan da ke cikin motar. Je wurin mai faci ya ƙara iska ta ɗan ɗara adadin da kamfanin motar ya rubuta a jikin ƙofar direba, amma kada ta wuce iyakar da ke rubuce a gefen tayar. A riƙa aunawa da geji duk wata, da safe kafin rana ta yi zafi.

Wurin ajiya ma yana da muhimmanci. Inuwa ta fi, gareji ko rumfa. Idan babu, a rufe tayoyin da tamfol mai farin launi. A nisantar da motar daga janareta da wurin walda, domin tartsatsin lantarki yana haifar da ozon. Kada taya ta zauna a taɓo, ko inda ruwa ke kwanciya, ko inda mai ya zube. Shimfiɗa katako mai faɗin da ya fi na tayar, yadda ko'ina nata zai hau kansa.

Idan akwai amintacce a gida, ya riƙa fita da motar duk wata ya yi tafiyar da tayoyin za su ɗumama. Idan ajiyar za ta wuce wata shida ba mai tuƙawa, a ɗage motar da jak, a ɗora ta kan ƙarafan tokara, nauyin ya bar tayoyin. Kada a bar ta a kan jak shi kaɗai.

Ranar da za ka koma hanya, duba gefen kowace taya ciki da waje, har da safeya. Tsaga mai zurfi ko kumburi na nufin a canza, ba a yi faci ba. Sannan ka nemi lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen tayar, waɗanda ke nuna lokacin da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Kamfanin Michelin yana ba da shawarar ƙwararre ya riƙa duba taya duk shekara idan ta yi shekara 5 ana amfani da ita, a kuma cire ta idan ta kai shekara 10, komai kyan zanenta. Mayar da iskar daidai adadin da ke jikin ƙofa, ka fara da gajeriyar tafiya a hankali kafin ka ɗauki iyali zuwa babban titi.