Gajimare da Hazo: Wa Zai Yi Aikin?

Ɗalibai, kun sha jin ana cewa hoton da ke cikin waya ya tafi "gajimare". Gajimaren nan ba na sama ba ne. Manyan ɗakuna ne cike da kwamfutoci, da yawansu a Turai da Amurka, kuma sau da yawa saƙo kan bi wayar ƙarƙashin teku daga Legas kafin ya isa can. A shekara ta 2012 injiniyoyin kamfanin Cisco suka kawo wata dabara da suka kira "hazo", don hazo ya fi gajimare kusa da ƙasa. Wato a ajiye ƙananan kwamfutoci kusa da jama'a, misali a gindin ƙarfen sabis, su riƙa karɓar aiki daga ƙananan na'urori.

Bari mu ɗauki misali a gida. A ce an kafa na'ura a gadar Wudil mai auna tashin ruwa da damina, tana da ɗan batir wanda hasken rana ke caja. In ta ɗauki hoton kogi, ko dai ta duba shi da kanta, ko ta miƙa wa kwamfutar hazo da ke cikin gari, ko ta tura gajimare. Kowanne yana cin batir, amma aikawa ta iska ita ce mai haɗama, kuma iyakar raunin sabis iyakar ƙarfin da na'ura za ta kashe. Saboda haka sai ta auna. In bayanin yana da yawa amma lissafinsa kaɗan ne, gara ta yi da kanta, ta aika da amsa kawai: ruwa ya kai mita kaza. In kuwa bayanin kaɗan ne amma lissafin mai nauyi, sai ta miƙa. Batir ya mutu da tsakar dare a watan Agusta, lokacin da hadari ya rufe rana kwana biyu, masu gonaki a bakin kogi ba za su sami gargaɗi ba.

Wanda ya karanta Littafin Fitowa sura 18 ba zai ga baƙon abu a nan ba. Yetro ya shawarci Musa ya naɗa shugabanni su yanke ƙananan shari'u, masu wuya kaɗai za a kai gabansa. Haka gajimare: aikinsa shi ne tara awon shekaru masu yawa, ba ƙararrawar daren yau ba.

A ganina babban amfanin hazo a wurinmu shi ne ba ya jiran teku. A watan Maris na 2024 wayoyin ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Nijeriya, har bankuna suka wahala. Kwamfutar da ke cikin gari za ta iya kaɗa ƙararrawa ko a irin wannan rana, muddin an tanadar mata wuta, abin da ba shi da sauƙi a nan.

'Yan aji shida masu sha'awar wannan fanni, Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, wadda ta fara aiki a 2001, tana koyar da ilmin kwamfuta a nan Wudil. Sai ku riƙe lissafi da kyau tun yanzu.