Amsoshin Tambayoyinku: Wane fim ne ke kama motsi?

Wani mai sauraronmu daga Mpape a Abuja yana tambaya: wane fim na hoto marar launi ne ya dace da ɗaukar 'yan dambe ko 'yan ƙwallo, kuma yaya ake wanke shi?

To malam, sirrin yana ga lambar ISO da ke jikin kwalin fim. Gwargwadon girmanta, gwargwadon ƙarancin hasken da fim ɗin ke buƙata. Da rana tsaka, ISO 400 ya wadatar, kamar Kodak Tri-X ko Ilford HP5 Plus. Ka sa kyamara ta ƙyafta cikin kashi ɗaya bisa 500 ko 1000 na daƙiƙa, sai naushi ya tsaya cak.

Idan kuwa damben yamma ne a Dei-Dei bayan rana ta yi sanyi, nemi Ilford Delta 3200 ko Kodak T-Max P3200, wanda ya fito a 1988, aka daina yin sa a 2012, ya dawo a 2018. Duk da lambar 3200 da ke sunansu, ainihin ƙarfinsu bai wuce ISO 1000 ba. A wajen wanki ake ƙara lokacin da fim zai yi cikin sinadari don cike giɓin. Hoton kan fito da ɗigo-ɗigo kamar yashi, kuma baƙinsa ya yi kauri.

Sinadarin yana son zafi na digiri 20, saboda haka a zafin Abuja sai ka sanyaya shi da ƙanƙara. Ajiye fim a firji kafin amfani, bayan wanki kuma ka shanya shi a ɗaki rufe, don ƙurar fasa dutse ta Mpape tana ɓata hoto.

Da fatan ka gamsu.