Yadda Ake Magance Tsamin Ƙasa a Filayen Kiwo na Ƙwanni, Malbaza da Illela

Tsamin ƙasa yakan zo ne tare da raguwar sinadaran kalsiyam da magniziyam a cikinta, ana kuma auna shi da ma'aunin pH, wanda 7 ne tsakiyarsa. Idan awon ya sauka ƙasa da 5.5, alminiyam yakan narke ya hana saiwa tsawo, fosfarus kuma ya ɗaure, ciyawa ta kasa shansa. A filayen kiwo abin yana faruwa ne a hankali, domin ruwan sama yana wanke jigawa, ana kwashe busasshiyar ciyawa a kai kasuwa, kashin dabbobin da suka ci a daji kuma yana ƙarewa ne a gonaki da garke.

Matakin farko shi ne awo, kuma bai kamata a tsallake shi ba, saboda ƙasar wannan yanki na jihar Tawa ba iri ɗaya ba ce: yashin jigawa ne ya fi saurin tsami, yayin da lakar kwarin Maggiya da wuraren da ke kan dutsen farar ƙasa galibi ba su da matsalar. Kafin saukar damina, a ɗebi ƙasa daga wurare 15 zuwa 20 a zurfin santimita 20, a gauraya, a kai rabin kilo ga ma'aikatan gona ko ɗakin binciken ƙasa na cibiyar binciken noma ta INRAN. Yawaitar garmani alamar kiwo ne fiye da kima, ba ta isa hujjar tsami ba.

Idan tsamin ya tabbata, sai a shata wurin tare da masu unguwanni, wakilan makiyaya da hukumar filaye ta COFO, a hutar da shi aƙalla damina ɗaya, domin gyaran da ba a yi yarjejeniya a kansa ba, tsiron farko ne dabbobi za su cinye.

Daga nan sai a tona rabin wata ko tassa, ramukan tara ruwa da manoman Illela suka yaɗa bayan ziyarar Yatenga ta Burkina Faso a 1989, a zuba ruɓaɓɓen taki da toka, a haɗa da garin fosfat na Tawa, wanda ƙasa mai tsami ce ta fi narkar da shi. Inda awon ya yi ƙasa ƙwarai, a ƙara niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙowa a Malbaza domin siminti, a cakuɗa shi da ƙasa gwargwadon abin da awo ya nuna. A ƙasa mai yashi, kaɗan ake buƙata, yawansa kuma yana hana ciyawa samun zink. Siminti da jifsam ba sa maye gurbinsa.

Da ruwa ya zauna, a shuka gamba da kyasuwa, a bar tsiron gawo, kalgo da sabara, waɗanda saiwarsu ke jawo sinadarai daga ƙarƙashi, ganyensu ya mayar da su sama, rassansu kuma su tare ƙurar hunturu mai kalsiyam. A rage takin yuriya, a hana ƙona daji, a riƙa sauya makwancin dabbobi a cikin filin domin taki ya koma inda aka ci ciyawar. Bayan shekara 2 ko 3 a maimaita awon a wuraren da aka ɗebi ƙasar farko, kada kuma a ƙara farar ƙasa sai sakamakon ya nuna buƙata.