Hoton Asibiti da Hasashen Makomar Mai Sankarar Bakin Mahaifa

A ƙaddara mata biyu ne daga Fulatan, cikin Ƙaramar Hukumar Rogo, suka je asibiti da kuka iri ɗaya: zubar jini bayan saduwa da maigida, da fitar ruwa mai wari ta gaba. Dukkansu shekararsu 45. Likita ya duba su, ya gutsuri 'yar tsoka aka kai ɗakin awo, sakamako ya tabbatar da sankarar bakin mahaifa. A hannun likita ƙarin nasu girmansa ɗaya ne. Da aka yi musu hoto, sai aka ga na ɗayar bai wuce bakin mahaifa ba, ita kuwa ɗayar cutar ta riga ta sauka a kaluluwar cikin ƙugunta. Daga nan maganinsu ya bambanta, haka ma abin da ake tsammani game da warkewarsu.

Sanadin cutar sananne ne. Ƙwayar cutar HPV ce ke kawo ta, kuma nau'i na 16 da na 18 su ne ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100. Gano wannan ne ya sa aka ba Bajamushe Harald zur Hausen lambar Nobel a 2008. A ƙiyasin shekarar 2020, mata wajen 12,000 ne suka kamu da ita a Nijeriya, wajen 8,000 kuma suka rasu.

Shekaru da dama ana tantance matakin wannan cuta da ido da hannu ne, sai ɗan taimakon hoton ƙirji da na hanyar fitsari. Ƙungiyar likitocin mata ta duniya, watau FIGO, ta riƙe wannan hanya ne domin galibin masu cutar suna ƙasashen da ba su da manyan na'urori. To, amma hannu yana da iyaka. Manomi ya san ganyen rogo ba ya gaya masa girman saiwar da ke ƙarƙashin ƙasa, sai ya tona. Haka yatsan likita ba ya isa ga kaluluwar da ke can ciki kusa da manyan jijiyoyin jini. Saboda haka a 2018 FIGO ta yi wa tsarin gyara, ta yarda a dogara da hoto wajen yanke mataki.

Abu na farko da ake nema a hoto shi ne girman ƙari. A sabon tsarin, ƙarin da bai fita daga bakin mahaifa ba an raba shi gida uku: wanda bai wuce santimita 2 ba, wanda ke tsakanin 2 da 4, da wanda ya haura 4. Na farko tiyata kan wadatar da shi, har wani lokaci a bar wa mace mahaifarta idan tana son haihuwa. Wanda ya haura santimita 4 kuwa an fi yi masa gashi da haske mai ƙarfi tare da maganin sankara na ƙarin ruwa. Babban ƙari ya fi wuyar kashewa, don tsakiyarsa ba ta samun isasshen jini, kuma ƙwayoyin da ba su samun iskar da muke shaƙa sun fi jure wa gashi. Na'urar da ta fi nuna girman ƙari da iyakarsa ita ce MRI, wadda ke aiki da maganaɗisu, ba ta kuma amfani da haske mai ƙuna irin na hoton ƙashi.

Na biyu shi ne kaluluwa, kuma a nan ne gyaran 2018 ya fi nauyi. Komai ƙanƙantar ƙari, in an ga cutar a kaluluwar ƙugu, mace ta shiga mataki na uku ke nan, wanda ake rubutawa IIIC1. In ta hau zuwa kaluluwar da ke gefen babbar jijiyar jini ta ciki, ya zama IIIC2, kuma hasashen warkewa ya ƙara raguwa. Amfanin sanin haka shi ne a faɗaɗa wurin da za a gasa ya haɗa da su.

Sai dai a nan akwai tarko, musamman a ƙasarmu. Na'urar MRI da ta CT girman kaluluwa suke aunawa, ana zargin wadda kaurinta ya kai santimita 1. Amma tarin fuka da cuta mai karya garkuwar jiki su ma suna kumbura kaluluwa. Hatta hoton PET, wanda ke bin sawun sukarin da aka yi wa alama domin ƙwayoyin sankara sun fi sauran ƙwayoyi cin sukari, yakan haska a inda tarin fuka yake. Ke nan likitan da ke karanta hoton mace daga Ƙaraye ko Rogo dole ya yi la'akari da cututtukan da ke yawo a yankin, in da hali ya tabbatar da allura kafin ya ɗora ta a mataki na uku.

Na uku shi ne ƙoda, kuma a ganina shi ya fi dacewa da halin da muke ciki, don ba ya bukatar na'ura mai tsada. Bututu biyu da ke kai fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara suna ratsawa ta gefen bakin mahaifa. In ƙari ya bazu ya matse su, fitsari ya taru, ƙoda ta kumbura. Sikanin ɗin nan da ake yi wa masu juna biyu yana nuna wannan cikin 'yan mintoci, kuma ganin kumburin kaɗai ya isa a ce cutar ta kai mataki na IIIB. Yana da muhimmanci ƙwarai, domin maganin cisplatin da ake haɗawa da gashi tun 1999 ba a ba mai ciwon ƙoda shi, kuma gazawar ƙoda na cikin manyan abubuwan da ke kashe masu wannan cuta.

Aikin hoto bai ƙare a ranar farko ba. Ƙarin da ya motse sosai bayan makonnin farko na gashi alama ce mai kyau, wanda ya ƙi motsewa kuwa ya fi yiwuwar dawowa. Haka nan ana amfani da MRI wajen daidaita gashin ciki, inda ake sa tushen hasken daf da ƙarin. Wani bincike mai suna EMBRACE, wanda aka gudanar a cibiyoyi 24 aka buga a 2021, ya bi mata 1,341 da aka yi wa wannan aiki, aka tarar kashi 92 cikin 100 cutar ba ta dawo a inda ta fara ba bayan shekara 5. Lura dai, wannan lissafin jama'a ne. Hoto yana faɗin abin da ya fi faruwa ga ɗaruruwan mata masu kama da juna, ba ya yanke wa mace guda ajali.

Yanzu kuma ana koya wa kwamfuta ta ciro ɗaruruwan siffofi daga hoton da idon ɗan Adam ba ya gani, ta yi hasashe da su. Har yanzu galibin wannan aikin yana matakin bincike ne, kuma abin da aka gwada a kan matan Turai ko Sin sai an sake gwada shi a kan namu.

Mu koma ga matanmu biyu. Rogo ta yi iyaka da Jihar Kaduna, don haka Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, mai sashen gashin sankara, yana cikin wuraren da za su iya nufa, ban da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ta farkon, in ƙarinta ƙarami ne, tiyata za a yi mata ta koma gida. Ta biyun za a yi mata gashi kwana biyar a mako har kusan mako biyar, sa'an nan gashin ciki, kuma ana so a kammala duka cikin mako takwas, domin kowane jinkiri bayan haka yana rage nasarar maganin. Wannan na nufin tun kafin a fara, dangi su tanadi masauki kusa da asibiti, da kuɗin mota, da mai jinya, ko da kuwa abin ya faɗo a tsakiyar damina. 'Ya'yansu mata kuwa, tun daga watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta sa allurar rigakafin HPV cikin jerin rigakafin yau da kullum, aka fara da 'yan shekara 9 zuwa 14, kuma Kano na cikin jihohin farko da aka kai ta.