Amsoshin Tambayoyinku: Mu Gina Wa Inna Asibitin Yara?

Tambaya: Mahaifiyarmu ta rasu bayan Babbar Sallah. Mu bakwai ta bari, kuma mun yarda mu yi mata sadaka mai gudana. Yayyena sun ce masallaci, alhali masallatai uku ne a unguwarmu. Ni kuwa na tuna Inna ba ta iya runtsawa idan ɗan maƙwabta yana zazzaɓi, sai na ce mu gina ɗan asibitin yara da sunanta. Ladan zai kai mata? Ta ina za mu fara? Daga wani mai karatu a Rogo.

Amsa: Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa Aljanna ce makomarta, ku kuma Ya ba ku haƙurin rashi.

Batun lada ba ya buƙatar dogon bayani. Malamai sun haɗu a kan cewa sadaka tana isa ga mamaci. Bukhari ya ruwaito labarin Sa'adu ɗan Ubada, wanda mahaifiyarsa ta rasu ba ya gari. Ya tambayi Annabi (SAW) ko sadaka za ta amfane ta, aka ce masa za ta amfane ta, sai ya bayar da lambunsa. Ka lura da abin da ya bayar, don za mu dawo kansa.

Maganar gini ce nake so mu ɗan tsaya a kai, ɗan'uwa. Sanya wa asibitin yara sunan magabata ba baƙon abu ba ne a Kano. Asibitin Hasiya Bayero sunan mahaifiyar marigayi Sarki Ado Bayero yake ɗauke da shi, na titin Gidan Zoo kuma sunan Khalifa Isyaka Rabi'u, wanda ya rasu a 2018. Sai dai duka biyun gwamnati ce ke biyan albashin ma'aikatansu. A Fakistan, Imran Khan ya buɗe asibitin ciwon daji na Shaukat Khanum a Lahore a 1994 don tunawa da mahaifiyarsa, kuma har gobe zakka da gudunmawar jama'a na cikin abin da ke riƙe shi. Bulo da kwano sau ɗaya ake saye. Albashi, magani da man janareta kuwa kowane wata sai sun zo. Kowa ya san ƙauyen da aka yi bikin buɗe ɗakin shan magani, bayan shekara biyu awaki ke kwana a ciki.

Shawarata ita ce, kamar yadda Sa'adu ya bayar da lambu, ku sayi gona, ko ku ware ɗaya daga cikin naku, ku mayar da ita waƙafi. Haka Sayyidina Umar ya yi da filinsa na Khaibara: ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado, amfaninsa kawai ake rabawa. Ƙasar Rogo tana ba da rake da masara. Ko haya kuka bayar, wani abu zai shigo duk shekara.

Amma kada ku raba kuɗin da kaka. Ku riƙe shi har damina ta nutsa, daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da sauro ya yi yawa, rumbu ya yi ƙasa, magidanci ba shi da ko na mota. Zazzaɓin cizon sauro idan ya tsananta yakan shanye jinin yaro, ka ga tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari fat. A nan abu biyu ke ceton rai da ikon Allah: a isa babban asibitin Rogo ko na Ƙaraye da wuri, kuma a sami jini. Wani lokacin sai an miƙa Kano. Kuɗin mota na tsakar dare, kuɗin gwaji, da abincin uwar da ke jinya, ga inda waƙafin Inna zai yi aiki. Ku bakwai ɗin nan ma asusun jini ne. Lafiyayyen namiji yana iya ba da jini duk wata uku, mace duk wata huɗu, bayan an duba su.

Ku tuna da masu amosanin jini, wato sikila, don su jinyarsu ba ta da damina ko rani. Tun 2024 dokar Jihar Kano ta wajabta gwajin jini kafin aure, amma waɗanda aka riga aka haifa suna nan, iyayensu na sayen magani kullum. Ku ɗauki yara uku ko huɗu da za ku iya riƙewa shekara da shekaru.

Abin da ake bayarwa kyauta kuma kada ku kashe masa ko kwabo: allurar rigakafi, da maganin kariya daga zazzaɓi da ake bi gida-gida da shi duk wata da damina don yara 'yan wata 3 zuwa 59.

Kafin komai a biya bashin Inna, a cika wasiyyarta, a raba gado. Kowa ya bayar daga rabonsa da yardarsa, kuma idan akwai ƙarami a cikin magada ba a taɓa nasa. Ku rubuta waƙafin a gaban liman da mai unguwa, mutum uku su riƙe kuɗin, a karanta lissafi a zaman iyali duk shekara. Don Allah kada a ɗauki hoton yaro yana kwance a sa a Facebook.

Yayyenka ba su faɗi laifi ba, don haka kada ka yi musu gardama. Ka roƙe su su raka ka ɗakin yara na asibiti wata safiya a watan Satumba, sannan ku zauna ku yanke shawara.